Fiyano babu sitayil: yadda nake ta faman haɗa kiɗan rakiya kafin bikin Fabrairu

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

To jama'a tsohon fiyanona dai ya tafi. Laifina ne ba na kowa ba, lokacin nan da aka yi duhu a Arewa ƙarshen watan jiya aka kwashe kwana da kwanaki ba wuta, na ɗauka na jona shi kai tsaye a ɗan janaretan maƙwabcinmu ba sitabilaiza ba komai, janareta ya yi wani irin gurnani ya ɗaga murya, kafin in kai hannu sai ƙauri kawai na ji. Mai gyara ya buɗe ya kalla ya mayar ya rufe, ya ce bod ne, kuma ko an samu kuɗinsa gara in ƙara in sayi wani. Shekara bakwai muna tare da abin nan, bikin da muka je da shi ba ya ƙirguwa.

Abin da kuɗina ya iya kaiwa shi ne wani ɗan Kwatano mai madanni 88, masu nauyin nan da in ka danna sai ka ji kamar akwai guduma a ciki. Sautin fiyanonsa kam masha Allah, tsohon nawa ko kusa bai kai ba. Amma murya goma ce kacal a ciki da ɗan abin nan mai ƙirga lokaci tak tak tak, shi ke nan. Babu sitayil ko ɗaya. Ga wanda ba ɗan harkar ba, sitayil shi ne ka dafa kod, wato madanni biyu ko uku a haɗe, da hannun hagu sai ganga da bes da jita su tashi su bi ka duk inda ka juya, kai kuma kana jan waƙa da hannun dama. Kusan duk wanda ya taso yana kiɗa a Kano a kan PSR na Yamaha ya koya, waƙoƙin fim da yawa na farkon shekarun 2000 ma a kansa aka buga su, shi ya sa in ka ce wa mutum fiyano a nan ba fiyano yake nufi ba, ƙungiyar makaɗa yake nufi a cikin akwati ɗaya.

Kuma ga biki mun karɓa ranar 8 ga Fabrairu, ƴar wan mawaƙinmu ce za a aurar kafin azumi, an riga an ba da kafin alƙalami. Zan riƙa rubutawa a nan duk abin da na gwada, ko don kar in manta in sake faɗawa ramin da na fita.

Laraba, 13 ga Nuwamba

A bayan fiyanon akwai ramin USB mai kusurwa huɗu irin na firinta. Na je Beirut Road na ce a ba ni kebul ɗin firinta mai tsawo, yaron shagon yana tambayata wace firinta ce na ce masa mai waƙa ce. Na dawo na jona da tsohuwar laftof ɗina ta gane shi nan take.

Abin da ke bi ta kebul ɗin ba sauti ba ne, saƙo ne kawai, an danna madanni lamba kaza da ƙarfi kaza, an sake shi. Shi ne MIDI, tun 1983 ake amfani da shi kuma layi 16 aka yi shi da su. Ni duk shekarun nan ina ganin kalmar a jikin fiyano ban taɓa damuwa da ita ba.

Na buɗe wata manhaja na danna, sai na ji sauti biyu, ɗaya na fiyano nan take ɗaya na kwamfuta yana biyo baya kamar ɗan amshi mai jin barci. Matsalar sauti biyun dai an warware, akwai saitin da ake kira Local Control a kashe shi, sai fiyano ya yi shiru ya bar kwamfuta ta yi magana ita kaɗai. Jinkirin ne ya ci min dare biyu. Ƙarshe wani abokina mai situdiyo a Zoo Road ya ce in sa wata ƴar manhajar sauti mai suna ASIO4ALL, kyauta ce, in rage bofa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Lissafin ba wuya: kwamfuta tana yanka sauti gida 44,100 a kowace daƙiƙa, in bofa 1024 ce tana jiran kusan milisakan 23 kafin ta fitar, in 256 ce bai kai 6 ba. Na sa 128 don son zuciya sai sauti ya fara tsartsatsi kamar ana soya ƙosai. Na koma 256 na zauna lafiya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Sati ɗaya da rabi ina gwajin manhajoji, data ta sha wuya. Abin da na gano shi ne kashi biyu ne kuma in ba ka raba su ba za ka ɓata lokacinka a banza kamar yadda na ɓata nawa.

Akwai waɗanda kai za ka rubuta musu kod tun kafin a fara, layi na ɗaya kaza na biyu kaza, su kuma su kaɗa maka daga farko har ƙarshe. Band-in-a-Box na kamfanin PG Music da ke Kanada haka yake, tun 1990 ake yinsa, haka iReal Pro na waya. Don koyo a ɗaki ko haɗa waƙa a situdiyo ba su da laifi ko kaɗan. Amma wa ya taɓa ganin bikin Bahaushe da aka san tsawon waƙa tun kafin a fara? Hajiya ɗaya ta taso da bandir ɗin sababbin kuɗi ai baitin nan sai an maimaita shi sau shida, mawaƙi yana kiran sunan kakanninta.

Kashi na biyu su ne masu sauraren hannun hagunka a take kamar fiyanon sitayil, irin su One Man Band da vArranger da Giglad, kuma duka suna karanta fayil ɗin sitayil na Yamaha mai ƙarewa da .sty. Nan ne Allah ya taimake ni, domin ina da filas da na tara sitayil sama da ɗari a ciki tun zamanin tsohon, har da guda huɗu da na haɗa da hannuna. Na ɗauki ɗaya daga cikin manhajojin nan na tsaya a kanta, ba zan ce ta fi sauran ba, ita ce dai laftof ɗina ta iya ɗauka ba ta yi zafi ba.

Wani abu da ya ba ni mamaki, in ka canza wa fayil ɗin suna ya koma .mid sai ya buɗu a Reaper, manhajar haɗa waƙa, kamar kowace waƙa, ka ga hanjinsa gaba ɗaya. Layi na 9 da na 10 ganguna, na 11 bes, 12 da 13 kod, 14 shi ne sautin nan mai shimfiɗa a baya, 15 da 16 ƙananan ado. Kuma yawanci a kan kod ɗaya tak aka buga komai, CMaj7, injin ne ke juya shi zuwa duk abin da ka dafa. Shekara bakwai ina zaton wani sihiri ne a ciki ashe ƴan layuka ne takwas da lissafi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Sitayil yana tashi amma muryar ba ita ba ce. Fayil ɗin ba shi da sauti a cikinsa, umarni ne kawai, sautin yana cikin bod ɗin da ya ƙone. Na sauke wani kundin sauti na kyauta irin mai ƙarewa da .sf2 wanda aka jera bisa tsarin General MIDI na 1991, kayan kiɗa 128, ganguna a layi na 10. Bes ya fito daidai, jita ba yabo ba fallasa, amma ganguna kam abin dariya, inda ya kamata a ji ɗan tafi sai shiru, wani wurin kuma usur ne ke tashi. Dalili, gangunan Yamaha na XG suna da bugu a ƙasa da lamba 35, shi kuwa General MIDI daga 35 yake farawa ya tsaya a 81. Sai da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su, babbar ganga 36, ƙarama 38, faifan ƙarfe a rufe 42, a buɗe 46. Sitayil goma sha biyu na gyara na ce sauran su jira, ai ba duka ake bugawa a biki ba, gaskiya ma biyar ne muke ta juyawa tun da.

Ina cikin duba jerin nan na 128 na ga akwai sita ta Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba, akwai shanai a lamba 112 wanda in ka rufe ido ka matse hanci za ka ce algaita ce. A ganguna akwai konga da bongo da agogo. Kalangu babu. Kotso babu, jauje babu. Wato duk abin nan da muke kira kalangu a fiyano shekara da shekaru konga ce muke ja wa kunne.

Litinin, 16 ga Disamba

Matsalar maɓallai. A tsohon, A B C D na canza salon kiɗa da fil, wato ɗan juyin gangar nan na tsakani, da farawa da ƙarewa duk suna gaban yatsa, yanzu kuwa sai in saki kod in kai hannu kan laftof in nemi linzami, kafin in dawo mawaƙi ya kai Wudil.

Dabarar da ta fisshe ni: fiyano mai madanni 61 daga lamba 36 yake farawa, mai 88 kuwa daga 21, ke nan ina da madanni 15 a can ƙasa da hannuna bai saba zuwa ba ko a mafarki. Na shiga saitin manhajar na ce mata waɗannan ba sauti ba ne umarni ne. Na manna salatif na takarda na rubuta da maka, fara, tsaya, A, B, C, D, fil, ƙarewa, da guda ɗaya na buga tempo, wato gudun kiɗa, da yatsa. Ƙanina ya shigo ya ce fiyanon ya koma kamar kantin magani.

Feda kuma da farko na mayar da ita ta fil, tana aika saƙo mai lamba 64 ne kawai don haka juya ta ba wuya, amma bayan kwana biyu na mayar da ita aikinta, don fiyano mai daɗin nan ba jan sauti kamar shayi ne ba sukari.

Sai abu ɗaya da na daɗe ina ji a kunnena ban san sunansa ba. Yawancin waƙoƙin mawaƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, in na dafa cikakken kod mai yatsa uku sai jitar sitayil ta riƙa cusa wani sauti da waƙar ba ta san shi ba, abin ya koma kamar na coci ko na Indiya. Yanzu yatsa biyu nake dafawa, tushe da na biyar, na kuma kashe layi na 13 da 15 da 16 gaba ɗaya. Kiɗan ya rame amma ya fi kama da mu.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na ce tunda babu kalangu a kwamfuta bari in sa mata. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya gaji kiɗan mahauta, tun ina yaro nake ganinsa ranar Sallah, yanzu ya rage fita. Na je na durƙusa na gaishe shi na yi masa bayani, ya ce ɗana ban gane ba amma mu je. Muka tafi situdiyon abokina a Adaidaita, na ce Baba ka buga min sau ɗaya ɗaya, ka saki tsarkiya ka buga, ka ɗan matse ka buga, ka ƙara matsewa, har hawa biyar, kowanne da ƙarfi da kuma a hankali. Ya yi, amma kana ganin fuskarsa ka san abin bai yi masa ba. Ya ce wannan ai ba kiɗa ba ne, kamar ka ce mutum ya yi maka magana harafi ɗaya ɗaya ne.

Na yanka su na jera a Polyphone, ita ma kyauta ce, na fitar da .sf2 nawa na kaina, na sa a sitayil biyu a madadin konga. Wallahi da na fara ji sai da tsikar jikina ta tashi, muryar kalangun Baba ce sak. Bayan minti uku kuma sai na fara jin abin da ya faɗa. Kalangu ba a hawa biyar yake zaune ba, daɗinsa yana tsakanin hawa da hawa ne, lokacin da makaɗi ya riga ya sauka a fata sannan hammata ta matse ko ta saki sauti ya lanƙwasa, da haka yake kwaikwayon hawa da saukar maganarmu har ka ji ya ce wani abu. Nawa bugu yake kawai ba ya cewa komai.

Na gwada zana lanƙwasar da hannu a Reaper, fiyanon nan ba shi da ƴar tayar nan ta jan sauti a gefe. Sai na ware wa kalangun layinsa shi kaɗai don jan yana shafar duk abin da ke layi ɗaya, na kuma faɗaɗa iyakarsa don a ka'ida rabin hawa biyu kawai yake zuwa sama ko ƙasa. Awa huɗu na yi a kan abin da bai fi daƙiƙa takwas ba. Ya yi kyau, amma daƙiƙa takwas ɗin ne za su yi ta dawowa iri ɗaya har a tashi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na koma wajen Baba na ce ya zo mu yi bikin tare. Ya yi dariya ya ce injin naka ya gaza ke nan, na ce ya gaza Baba.

Gwajin farko jiya a tsakar gidanmu, ni da mawaƙi da Baba da ƙanina da na ɗora wa ƙwarya a kife kan bargo ya sa zobba a yatsu. Rikici tsantsa. Kwamfuta tana kan tempo 112 ba ta gaba ba ta baya, Baba kuwa in mawaƙi ya shiga kirari sai ya ɗan ja baya ya ba shi wuri, in an dawo amshi ya taso da zafi, kafin a yi baiti biyu sun rabu da inji kowa ya kama hanyarsa. Na ce Baba ko za ka riƙa bin wannan ƙaramar ƙarar, ya ajiye makaɗi ya ce ɗana ni shekara hamsin mawaƙi nake bi, ban taɓa bin ƙarfe ba. Mawaƙin namu don gulma ya ce ai shi ma yau ne ya fara jin ana binsa, shekara bakwai shi ke bina. Na ji haushi amma da na kwanta na tuna sau nawa yana ɗaga min hannu in jira ni kuma ba yadda zan yi don sitayil ba ya jira, sai dai ka tsayar da shi ɗungurungum.

Abin da muka tsayar, waƙoƙin sun kasu biyu. Na rawa irin na zamani masu tafiya a miƙe, inji zai riƙe ganga da bes, Baba ya yi ado a sama, ya yarda da wannan don ya ce ba shi ke ɗauke da kayan ba. Na yabo da kirari masu tafiyar uku-uku kuwa a kashe sitayil gaba ɗaya, na raba fiyano biyu a manhaja, hagu ya zama bes dama ya zama fiyano ko shanai ɗin nan, ni ne bes da hannuna ina bin Baba, ƙwarya tana riƙe tsakiya. Nan fa na gane hannun haguna malalaci ne, shekara bakwai ba abin da yake yi sai dafa kod ya kwanta. Ga madannan da nauyi. Yau da safe da ƙyar na riƙe kofin shayi.

Wani abu kuma, sanyin nan da iska sun busar da fatar kalangun, muryarsa ta hau sama fiye da ranar da muka ɗauka a situdiyo, don haka na cire na kwamfutar kwata-kwata daga sitayil, biyun ba sa jituwa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji da manyan sifiku. Da na jona laftof a mikisa sai wani kuuuu ya cika wuri, na cire cajar sai tsit. Mai kayan sautin ya ce a sa wani ɗan akwati da ake kira DI a tsakani a ɗaga maɓallin ƙasa, ya ara min nasa. Duk da haka zan cika batir in tafi da shi a cike. Na kashe intanet da barcin allo da duk wani abu mai iya fitowa ya ce a sabunta shi. Sitabilaiza kuma na saya, wanda ya ƙona ni sau ɗaya ya isa.

Hannun hagu awa ɗaya kullum bayan Isha'i, ya fara jin magana.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An yi biki shekaranjiya Asabar, sai yau na samu kaina.

Waƙa uku na farko da inji lafiya lau, salatif ɗina bai ba ni kunya ba sai sau ɗaya da na danna ƙarewa a madadin fil, kiɗa ya yi sallama ana tsakiyar rawa, na yi maza na sake tayarwa mutane suka ɗauka salo ne har da shewa. A ta huɗu ne ana liƙi wani yaro mai tsintar kuɗi ya bi ta bayana ya taka kebul ya fizge shi daga fiyano. Komai ya mutu, kuma da yake Local Control a kashe yake fiyanon kansa ma ya zama katako. Na mayar da kebul manhaja ta ƙi ganinsa sai an rufe ta an sake buɗewa, ni gumi kawai nake a cikin sanyin nan. Baba ko waiwayowa bai yi ba, ya matse kalangu ya ɗaga, ƙanina ya bi shi da ƙwarya, mawaƙi ya juya ya shiga yi wa uwar ango kirari, kalangu yana maimaita abin da ya faɗa, matan nan suka taso gaba ɗaya. Wajen minti biyu na yi kafin in dawo, kuma da na dawo ban tayar da sitayil ba, na shiga da bes a hankali a bayansu har aka sauke. Kuɗin da aka zuba a minti biyun nan ya fi na waƙa ukun farko a haɗe, na gani da idona don ni na ƙirga. Uwar ango da kanta ta zo ta manna wa Baba a goshi.

Da za mu rabu na ba shi kasonsa ya ƙirga ya mayar min da wani abu ya ce in sayi igiya in ɗaure wayar nan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na ɗaure kebul da ƙafar tebur da roba, na kuma koyi kunna Local Control daga jikin fiyano ba sai na duba takarda ba, ko da kwamfuta ta sake tafiya a bar ni da sautina. Sitayil biyar na bari a manhajar, sauran suna filas.

An kira mu wani biki bayan Sallah a Gwarzo, masu bikin suka ce da mai kalangun nan za a zo ko, na ce sai na tambaye shi. Na je jiya ya ce ƙafarsa ba ta son doguwar tafiya amma akwai jikansa da yake koya wa, in zo da fiyanon gidan bayan azumi mu riƙa zama da yaron, sai dai ya ce kar in zo da kwamfutar a zaman farko. Fiyanon nan kuwa da nauyi, sai na nemi mai Adaidaitan da zai yarda ya cire kujerar baya.